Yadda na bar gadin takalma

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a ƙasar Argungu ta jihar Kebbi, kuma gurgu ne ni. Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina ɗan shekara uku, a ƙarshen shekarun 1980, muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato kafin a fitar da Kebbi a 1991. A makarantarmu ni ke fita da yara filin motsa jiki, sanda a hammata, usur a wuya. Baƙo in ya gani yakan tsaya ya ƙara dubawa. Wani ya yi dariya, wani ya ce ikon Allah.

Mahaifiyata ta ce zazzaɓi mai zafi ne ya kama ni da damina. Aka yi mini allura, zazzaɓi ya sauka, amma da aka tsayar da ni sai ƙafa ta ƙi ɗaukata. Har ta bar duniya, Allah ya jiƙanta, tana cewa allurar ce ta taɓa jijiya. Kakata ta ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Mahaifina ya kai ni Aliero, garin da ya yi suna da ɗori, mai ɗorin ya lalluba ya ce babu ƙashin da ya karye, wannan ba aikinsa ba ne. Sai da na yi karatu na san shan inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da ƙazantar bahaya ta taɓa, kuma cikin yara kamar 200 da ta shiga jikinsu ɗaya ne take bari da shanyewar gaɓa. In ta riga ta shanye ƙafa ba ta da magani, sai dai riga-kafi kafin ta zo.

A unguwa ban tashi a ware ba, kuma langa ce sila. Wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya san ta: ka lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya, ka riƙe ta da hannu, ka dinga tsalle da ɗayar kana bangazar abokin karawa. Wanda ya saki ƙafarsa ko ya sha ƙasa ya fita. Kowane ɓangare yana da ɗan wasa ɗaya da ake kira ruwa, shi ake karewa har ya ratsa ya kai wurin sha. To ni tun da na fara tafiya da ƙafa ɗaya nake yi. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya, daga rijiya zuwa zaure, ba na tsayawa neman sanda, tsalle kawai nake yi. Ƙafata ta dama ta yi ƙarfi kamar taɓarya, ta hagun kuwa siririya ce mara nauyi, riƙe ta ba ya gajiyar da hannu. Sauran yara in sun ɗan jima a ƙafa ɗaya sai ka ga suna layi suna haki, ni ko a lokacin jikina ya fara ɗumi. In farin wata ya fito aka zo rabon 'yan wasa, a kaina ake faɗa. Wannan ya ce Gurgu namu na, wancan ya ce ai jiya ku kunka ɗauke shi. Babu mai tausayina a cikinsu, ci suke so. Sun ture ni, na ture su, na fasa wa wani leɓe, wani ya gurje mini gwiwa, washegari a sake haɗuwa.

Da aka sa ni firamare, ranar farko da aka buga ƙararrawar fita fili na bi sahu da sandata. Malaminmu ya tare ni a gindin dogon yaro ya ce, "Kai zamna nan, ka tsare muna takalma." Yara suka tuttuɓe silifas suka tara a gabana. Na ce, "Malam, ni ma ina iya langa." Ya dafa kaina ya ce, "Nan ba dandali na ba. In ka hwaɗi ka karya ɗayar, mi za ni ce ma babanka? Allah ya ɗauke maka, ɗana."

Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Yakan saya mini ƙosai da kuɗinsa, bai taɓa ɗaga mini bulala ba ko da na yi laifin da wasu suka sha ta a kansa. Shi ya sa nake cewa ba mugunta ce ta zaunar da yawancinmu a gindin bishiya ba. Mugu kana iya yi masa taurin kai. Mai tausayinka fa, ta ina za ka fara? Haka na gama firamare ina gadin takalma, ni da wanda zazzaɓi ya kama a ranar, da wanda aka yi wa kaciya bai warke ba. Su sukan warke su koma fili.

Abin bai tsaya a makaranta ba. Yaran da ke faɗa a kaina da dare su ne ke ajiye mini takalma da rana, kuma yaro abin da ya ga babba yana yi shi yake ɗauka. A hankali aka fara cewa a dandali, a bi Gurgu sannu, Malam ya ce kar ya karye. Ranar da aka fara sassauta mini a langa, ranar daɗinta ya fita raina. In gasar gidaje ta zo a raba wa kowa gida, ja ko kore ko shuɗi ko rawaya, ni ba a ma rubuta sunana. Sai na fara guje wa makaranta a ranakun fili. Wata rana ina zaune a bakin hanyar kasuwa, ban miƙa hannu ba, ban ce komai ba, wani mai wucewa ya jefa mini naira a cinya ya ce in yi masa addu'a. Kafin azahar na haɗa abin da ya fi kuɗin tara na mako guda. Masu tambayar yadda yaro mai iyaye da abinci a gida yake faɗawa bara, ga hanya ɗaya nan. Ba wanda ya tura ni.

Kawuna ne ya kama ni a wurin. Masunci ne, Bakabe na asali, irin waɗanda ranar babban bikin kamun kifi suke faɗawa gulbin Matan Fada da gora da homa. Bai dake ni ba. Ya karɓe kuɗin ya ba wata tsohuwa da ke gefe, ya ce, "Tashi mu tai gulbi." Ya kifa ni a kan gora ya ce in ja ruwa da hannu. Na ce, "Kawu, ƙahwata hwa?" Ya ce, "Ruwa ba ya tambayar ƙahwa. Ja." Kafin shekara ta zagayo na ajiye gora ina ratsa gulbi da hannu zalla, kafaɗuna suka buɗe. Ban taɓa shiga kabanci ba, wato wasannin ruwan da ake yi a bikin kamun kifi, su tseren jirage da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa, amma da 'ya'yan masu shiga na koyi ruwa, kuma ba su bar ni a baya ba. Tsargiya kam na sha ta, ba yaron bakin gulbin da ta ƙyale.

Shi ne kuma ya kai maganar "Allah ya ɗauke maka" gaban malaminmu na zaure. Malam ya ce gaskiya ne, aya ta zo a Suratul Fathi cewa babu laifi a kan makaho da gurgu da majinyaci in ba su fita yaƙi ba. Sannan ya ba mu labarin Amru ɗan Jamuhu, sahabin da ke da gurguntaka mai tsanani. Da za a fita Uhudu 'ya'yansa suka so tsare shi a gida, suka ce Allah ya yi masa uzuri. Ya kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Manzo ya tabbatar masa ba wajibi ba ne a kansa, amma ya ce wa 'ya'yan kada su hana shi. Ya fita, a can ya yi shahada. Malam ya dubi kawuna ya ce uzuri na mai shi ne, in ya so ya karɓa, in ya so ya bari, wani ba shi da ikon karɓa masa. Gadin takalma bai ƙare ba, don Kawu ba mai shiga ofishin hedimasta ba ne, amma bakin kasuwa ban sake zama ba.

A sakandaren kwana ne wani ɗan bautar ƙasa daga ƙasar Ibo ya gan ni ina jan guga, ya tsaya yana kallon damtsena. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Turancina kuma sai a hankali, amma mun fahimci juna. Ya samo ƙarfen tsohuwar mota, aka cika gwangwanaye biyu da siminti aka soke a bakinsa biyu, ya kwantar da ni a benci ya koya mini ɗaga nauyi daga ƙirji. A bakinsa na fara jin akwai gasar duniya ta nakasassu, wadda Najeriya ta fara zuwa a Basalona a 1992. Ya ba ni labarin Lucy Ejike, 'yar Inugu, wadda ita ma shan inna ya zaunar a keke, ta je Sidni a 2000 ta dawo da lambar azurfa. Na ɗauka don ya faranta mini yake faɗa, sai ga shi daga baya ta ci zinare a 2004, ta sake ci a 2008 da 2016. Shi ya rubuta sunana a jifan dalma a gasar gidaje ba tare da ya tambayi kowa ba. Na tsaya a ƙafa ɗaya, na dogara da sanda, na jefa. Ban zo na ɗaya ba, ban zo na ƙarshe ba. Da yamma shugaban gidanmu ya yi mini faɗa, ya ce da na ƙara himma da mun samu maki. Na daɗe ban ji faɗan da ya yi mini daɗi irin wannan ba.

Ƙwallon guragu kuwa a Kano na fara ganinta, lokacin da na je asibitin ƙashi na Dala a auna mini takalmin ƙarfe. Samari ne a kan 'yan katakai masu tayoyin boris, suna tura kansu a guje suna dukan ƙwallo da hannu, ana karo ana kifewa ana tashi, 'yan kallo suna ihu suna zagin alƙalin wasa. A Najeriya aka ƙirƙiro wannan wasa. Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano wanda shi ma shan inna ya kama, shi ya assasa shi a 1988. Da yawa daga cikin 'yan wasan da katakon da suke yawon bara a kansa suka fara.

Na yi kwalejin horon malamai, aka ɗauke ni aiki a 2010. Yadda fili ya zo hannuna ba wani abin alfahari ba ne. An yi wa malamin wasanni canjin wurin aiki, sauran kuma ba mai son tsayuwa a ranar Kebbi, wadda a watan Afrilu takan haura digiri 40. Na ce a ba ni. Hedimasta ya dube ni ya dubi sandata ya ce, "Malam, kai da nike shirin ba rajista da ajiyar alli?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada ni zango guda." Ya ba ni don ba wani.

Doka ta farko da na kafa, takalma a aji ake barinsu a ja ƙofa. Ta biyu, ba na ware yaro ɗaya in ba shi ɗan wasansa a gefe, wasan nake juyawa ga kowa da kowa. In ka ba gurgu ƙwallo ka ce ya je can ya dinga jifan bango, gadin takalma ne ka sake wa suna.

Da langa na fara, tunda ita na sani, kuma yanzu tana cikin wasannin gargajiyar da ake karawa a kansu a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa. Amma langa ta mai ƙafa ɗaya mai ƙarfi ce, yaron da ke rarrafe ba ta da wurinsa. Don irinsa muka ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi biyu muka fara ƙwallon raga a zaune. Kowa ya zauna a rairayi, mai ƙafa da mara ƙafa, kuma duk wanda ya ɗaga mazaunansa lokacin dukan ƙwallo ya yi laifi. A ƙa'idar duniya filin mita 10 ne da mita 6, ragar maza tsayinta mita 1.15. Mu igiyarmu iya ƙirjin ɗan aji shida take, ƙwallon ta roba mara nauyi. Masu ƙafa suka yi ta ƙorafi, wai an mai da su guragu. Da aka fara sai suka ga wanda ya shekara goma yana tafiya da hannu, kafin su muskuta ya kai ƙarshen fili. Gani ya kori ji.

Akwai yaron da sanƙarau ya kurmantar a annobar 2017, wadda ta faro daga Zamfara ta bazu zuwa Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja. Gudu gare shi, amma in an busa usur shi kaɗai yake ci gaba da wasa, yara su yi ta dariya. Sai na sami jan ƙyalle, duk lokacin da na busa in ɗaga, na kuma ce duk ɗan wasan da ya ji usur ya ɗaga hannu sama. Ko ya juya mini baya zai ga hannuwa sun tashi. Tashin tsere ma da ƙyallen ake yi, kowa ido yake sawa. Su kuma 'yan ƙungiyarsa suka koyi maganar hannu a wurinsa, suna ƙulla dabara a gaban abokan karawa ba a san me suke cewa ba.

Wadda ta fi ba ni aiki wata yarinya ce da ƙyanda ta tafi da idonta. Da mahaifinta aka sha fama, kuma ban ga laifinsa ba. Na same shi a zaurensa bayan la'asar. Ya ce, "Malam, ɗiya mace, kuma ba ta gani. In ta hwaɗi gaban maza zanenta ya kwance, kai ka jin kumya ko ni?" Na ce, "Baba, maganarka gaskiya ta." Muka yi sharaɗi: 'yan mata a nasu gefen fili, malama a tsaye, wando a ƙarƙashin riga da hijabi. Na tuna masa Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha. Ya ce sai ya tambayi liman. Ya tambaya, ya bar ta. Tsere da ƙawarta take yi, kowace ta riƙe bakin gajeriyar igiya, mai ido tana faɗin hanya. Ƙwallo kuma muka naɗe ta da leda mai ƙara, in tana gangarawa ana jin ta. Daga baya na karanta cewa tun 1946 aka ƙirƙiro wasa irin wannan a Turai don sojojin da suka makance a yaƙin duniya na biyu: mutum uku-uku, ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, kowa an rufe masa ido, a mirgino ta ƙasa ɗaya ɓangaren ya tare da jiki. Muka kwaikwaya da ɗankwali. Wahalar a wurin 'yan kallo take, don dole a yi tsit. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sa 'yan aji huɗu su yi shiru a fili ya san abin da nake nufi.

Waɗannan duk ana ganin larurarsu. Yanzu da shan inna ya ja baya, waɗanda ba a ganin tasu su aka fi zaunarwa. Ranar da farfaɗiya ta kayar da wani yaro a filinmu kowa ya watse, har da wata malama, saboda tun suna ƙanana aka gaya musu wanda yawun ya taɓa ya ɗauka. Ba a ɗaukar farfaɗiya, ba ta yawu ba, ba ta taɓawa ba. Abin yi shi ne a kawar da duwatsu daga kusa da shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe. Ba a danne shi, ba a tura masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa. In ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, sai asibiti. Ajin gaba ɗaya na koya wa wannan. Yaron yana buga ƙwallo yau. Abu biyu na hana shi, na kuma gaya wa iyayensa: hawa bishiya da shiga gulbi shi kaɗai. A garin da yara ke wuni a ruwa wannan ba ƙaramin hani ba ne, kuma na san ba kullum yake bi ba. Mai sikila shi ma yana wasa, da jarkar ruwa a gefe, yana da izinin fita ya huta bai tambaye ni ba. In hunturu ya tsananta da safe nakan ba shi agogo ya auna mana lokaci cikin rigar sanyinsa, amma na ranar ne kawai, ba sarauta ba ce.

Kada a ɗauka komai ya daidaita. Akwai yaro mai jinkirin fahimta, in hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunne ya fara dukan na kusa da shi. Kwalejin da aka sani da horar da malaman masu buƙata ta musamman tana can garin Oyo, waɗanda suka fito daga irinta kuma ba su cika isowa makarantun ƙauye ba. Abin da na iya shi ne in fito da shi kafin kowa mu yi jefa-ka-cafe da yaro ɗaya da ya saba da shi, in taro ya fito ya zaɓa ko ya tsaya ko ya koma. Wata rana ya tsaya, wata rana a'a. Kuma duk waɗannan su ne suka iso makaranta. Da yawa ba su iso ba. Wani nisa ne, ba keken guragu. Wani ban-ɗaki ne: ka je ka dubi shaddar makarantar ƙauye, sannan ka tuna akwai yaron da da tafin hannunsa zai shiga. Tun da aka kwashi ɗalibai a Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 kuma wata magana ta ƙaru a bakin iyaye: in an ce a gudu, wa zai ɗauki nawa?

Doka kam akwai ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika, kowa ya dubi matakalar ofishin da ya fi kusa da shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙasar nan ta san amfaninmu in an zo ƙirga lambobin yabo a gasannin duniya, ta masu lafiya da ta nakasassu. A Landan a 2012 masu lafiya ba su samo ko ɗaya ba, nakasassu suka kawo 13. A Riyo a 2016 masu lafiya tagulla ɗaya suka samo a ƙwallon ƙafa, nakasassu 12, takwas na zinare. A Faris a 2024 masu lafiya suka dawo hannu rabbana, nakasassu suka kawo bakwai, har Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 ta kafa tarihin duniya. Ka saurari sunayen, ka ƙirga na yankinmu nawa ne. Alhali nan Arewa shan inna ya fi ɓarna, nan aka dakatar da riga-kafi a wasu jihohi a 2003, nan aka ga na ƙarshe a Borno a 2016 kafin a ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar a watan Agustan 2020. Damatsan suna nan a tashoshin mota da bakin masallatai, ba a gan su ba ne suna 'yan shekara goma. Tunda kuma na ambaci riga-kafi, har yanzu ana samun wani nau'in ƙwayar a jihohinmu, don haka ni da kaina nake bin masu ɗigo a unguwarmu. In uba ya yi gardama sai in ɗage wando in nuna masa ƙafar.

Rigimar da na fi sha a makaranta a kan maki ce. Da gasar gidaje ta matso, kwamiti ya kawo shawarar a ware wa nakasassu minti goma bayan maci, su yi ɗan wasa gaban manyan baƙi, a raba musu sabulu da littafin rubutu, a tafa. Na ce ban yarda ba. Ko dai langa da raga a zaune da ƙwallon leda su shiga jerin wasanni, makinsu ya hau allo daidai da na tseren mita 100, ko a bar su gaba ɗaya. Wani malami ya ce, "Malam, so kaka yi ka ɓata muna lissahi da wasan yara." Na ce duk abin da muke yi a filin nan wasan yara ne. Hedimasta, wanda ya riga ya saba da taurin kaina, ya ce a gwada.

Tun daga shekarar malaman gidaje suka fara bin rajista suna duba wa ke da larura a gidansu. Malamin koren gida har babur ya hau ya je wani ƙauye ya dawo da yaron da ya daina zuwa tun zangon farko, yana kuma ɗauko shi kullum da safe. Da bakinsa ya faɗa cewa ba don lada kaɗai yake yi ba, yana buƙatarsa a raga. A gasar bana koren gida ne ya ɗauki kofi da ratar maki kaɗan, kuma a raga a zaune ya samo su. Malamin jan gida ya rubuto ƙorafi cewa an yi son kai a rabo, kore yana da masu rarrafe biyu shi ba shi da ko ɗaya, a sake rabo kafin baɗi. Malamin kore ya ce ɗaya daga cikinsu da man babur ɗinsa ya samo shi, ba mai taɓa masa shi. Kwamiti zai zauna a kan maganar a makon farko na zango mai zuwa, kuma an ce ni kada in sa baki, wai ina da ra'ayi a ciki.